Yadda Ake Kula da Fata Mai Egzima Bisa Abin da Binciken Likitanci Ya Tabbatar

Kafin a shafa komai a jiki, wajibi ne a tabbatar cewa cutar da ake fama da ita egzima ce, domin sunan ya daɗe yana rikita mutane. Da yawa suna kiran ƙyasbi egzima, alhali ƙyasbi ƙwayar fangas ce ke kawo shi, yakan fito dabbare-dabbare a ƙirji da baya da wuya, ba ya cika yin ƙaiƙayi, kuma maganinsa daban ne ƙwarai. Makero ma fangas ne, kuma idan aka shafa masa maganin egzima sai ya ɓoye kamanninsa ya ci gaba da yaɗuwa. Ƙazuwa kuwa takan kama mutanen gida ɗaya tare, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma tana son tsakanin yatsu. Egzimar da likitoci ke nufi, wadda wasu ke kira kirci, kumburin fata ce mai naci wadda ke tashi ta lafa ta sake tashi, babbar alamarta kuma ƙaiƙayi ce tare da bushewar fata. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma rashin tsafta ba ya kawo ta.

Yawanci tana farawa ne kafin yaro ya cika shekara 5. A jikin jariri ta fi fitowa a kumatu da goshi da wajen hannuwa da ƙafafu, idan yaro ya girma kuma sai ta koma inda fata ke lanƙwasawa, wato cikin gwiwar hannu, bayan gwiwar ƙafa, wuya, wuyan hannu da idon sawu. Littattafan likitanci da yawa suna siffanta ta da jan fata, amma a jikin mai duhun fata ba lallai a ga ja ba. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi kamar tsigar jiki ta tashi, kuma inda aka daɗe ana sosawa sai fatar ta yi kauri ta yi layi-layi. Rashin sanin wannan yana sa a raina cutar a jikin baƙar fata, a ɗauka mai sauƙi ce alhali ta yi nisa.

Abin da ke faruwa a fatar

Fata lafiyayya kamar katanga ce mai kyakkyawan yaɓe, tana riƙe danshi a ciki, tana hana ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta kutsawa. A jikin mai egzima yaɓen ne ya tsattsage. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Sikotilan suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin tana daga cikin manyan dalilan cutar, ko da yake ba kowane mai egzima ne ke da wannan tangarɗar ba. Idan danshi ya tsere, abubuwan waje suka shiga, sai garkuwar jiki ta harzuƙa ta haifar da kumburi, kumburin ya kawo ƙaiƙayi, susa kuma ta ƙara farfasa katangar. Shi ya sa cutar ke yawan zuwa a dangin da ake da asma ko murar da ƙura ke tayarwa.

Daga nan za a gane cewa aikin kashi biyu ne, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Man shafawa shi ke gyara yaɓen, kullum ake amfani da shi ko fatar ta tashi ko ta lafa. Maganin kumburi, wanda galibi sitiroyid ne na shafawa, shi ke kashe wutar idan ta kama. Wanda ya dogara da mai kaɗai a lokacin da fata ke ci da wuta zai yi ta shafa ba tare da ya ga sauƙi ba, wanda kuma ya dogara da sitiroyid kaɗai zai ga cutar tana dawowa da zarar ya ajiye bututun. Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da egzima har abada, sai dai yara da yawa sukan samu sauƙi sosai yayin da suke girma, kuma mafi yawan masu ita suna iya zama da lafiyayyar fata idan aka riƙe waɗannan ayyuka biyu yadda ya kamata.

Man shafawa da wanka

Kuskuren da aka fi yi da mai shi ne ƙarancinsa. Ƙa'idar kula da egzimar yara ta ƙasar Birtaniya ta ce yaro na iya buƙatar giram 250 zuwa 500 a mako guda, babba wanda cutar ta game jikinsa kuwa yana iya buƙatar giram 500 ko fiye. Duk wanda robar mai ƙarama ke yi masa wata biyu, to, ba ya shafa abin da ya isa. A shafa aƙalla sau biyu a rana a duk jiki, ba wurin da ya tashi kaɗai ba, a kuma ƙara a hannu duk lokacin da aka wanke shi.

An daɗe ana cewa mai mai kauri irin basilin ya fi kowanne, amma wani gwaji da aka yi a Ingila kan yara 550, wanda aka wallafa a 2022, ya kwatanta loshan da kirim da jel da mai mai kauri, bai kuma sami wani bambanci tsakaninsu wajen rage cutar ba. Ma'anar wannan ita ce man da ya fi dacewa shi ne wanda mai cutar zai yarda ya riƙa shafawa kullum. Yaron da ya ƙi jinin maiƙo a jikinsa gara a ba shi kirim da zai karɓa da a ajiye masa basilin da zai riƙa gudu. Abin da za a kiyaye shi ne kada man ya ƙunshi turare, kuma kada a bar nau'in da ake kira aqueous cream a kan fata, domin akasarinsa na ɗauke da sinadarin kumfa da ke ƙara raunana ta. Man zaitun ma, duk da kyakkyawan sunansa, an nuna yana raunana katangar fata idan aka riƙa shafa shi.

A shafa man a hankali ana bin inda gashi ya kwanta, ba a murza da ƙarfi ba, domin murzawa na tayar da ƙaiƙayi, tana kuma toshe gindin gashi. Idan robar mai faɗin baki ce, a ɗebo da cokali mai tsabta maimakon a tsoma yatsa, saboda ƙwayoyin cuta na iya taruwa a ciki. Akwai kuma haɗarin da ba kasafai ake faɗa wa mutane ba: mai yana shiga tufafi da zanen gado ya bushe a ciki, wanki ba ya fitar da shi gaba ɗaya, kuma irin wannan yadi yana kama wuta da sauri. Mai yawan shafa mai ya nisanci sigari da kyandir da duk wata buɗaɗɗiyar wuta.

Wanka ba abin gudu ba ne. A yi shi da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, na minti 5 zuwa 10, a bar sabulu mai kumfa da soso mai kaushi, a yi amfani da man shafawar kansa ko abin wanka marar sabulu a wuraren da ke buƙatar wankewa. Bayan an fito a daddanna tawul a jiki ba tare da gogewa ba, sannan a shafa mai tun fatar na da sauran laima. Man da ake zubawa cikin ruwan wanka kuwa, gwajin da aka wallafa a 2018 ya nuna ba ya ƙara komai a kan kulawar da aka saba, haka ma tufafin siliki na musamman da na'urar tausasa ruwa, an gwada su ba a ga amfaninsu ba.

Sitiroyid na shafawa

A nan ne ya kamata a tsaya da kyau, domin tsoron wannan magani ya bar mutane da yawa cikin wahalar da ba ta zama dole ba. Tun 1952 ake amfani da hydrocortisone a fata, kuma babu maganin egzima da aka yi nazarinsa kamar wannan rukuni. Ƙarfinsa hawa-hawa ne. Kamar yadda ake rubuta sunayensu a jikin kwali, hydrocortisone 1% mai sauƙi ne, clobetasone butyrate 0.05% matsakaici ne, betamethasone valerate 0.1% da mometasone furoate 0.1% masu ƙarfi ne, clobetasol propionate 0.05% kuma mai tsananin ƙarfi ne. A lura cewa lambar da ke jikin kwali ba ita ce ma'aunin ƙarfi ba, tunda ga clobetasol mai 0.05% ya ninka hydrocortisone mai 1% ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma clobetasone da clobetasol sunayensu ne kawai suka yi kama.

Likita kan zaɓi ƙarfin ne gwargwadon wurin da shekarun mai cutar da tsananinta. Fuska, fatar ido, wuya, hammata da matsematsi fatarsu siririya ce, tana shan magani sosai, don haka mai sauƙi ake sa musu, idan kuma aka buƙaci matsakaici sai a taƙaita kwanakin. Tafin hannu da tafin ƙafa da wuraren da suka yi kauri saboda susa ba sa jin mai sauƙi, sai mai ƙarfi. Ba a sa wa jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya mai ƙarfi sai da kulawar likitan fata.

Umarnin da ake yawan bayarwa cewa a shafa kaɗan-kaɗan ba ya nuna wa kowa adadi, shi ya sa likitoci suka fito da ma'aunin kan yatsa. Idan aka matso maganin daga bututu a kan manuniyar babban mutum, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa ya rufe wuri mai faɗin hannun babba biyu, tafi da yatsu. Ana auna fatar yaro ma da hannun babba. A jikin babba, fuska da wuya suna cin ma'auni biyu da rabi, hannu ɗaya daga kafaɗa zuwa wuyan hannu uku, ƙafa ɗaya daga cinya zuwa idon sawu shida. Ana shafa shi ne a wurin da ya tashi kaɗai, wato inda ke ƙaiƙayi ko ya yi kaushi ko launinsa ya sauya, a kuma bar tazarar kamar minti 20 zuwa 30 tsakaninsa da man shafawa don kada man ya tsarma shi ya kwashe shi zuwa inda ba a buƙata.

Sau ɗaya a rana yakan wadatar, musamman ga masu ƙarfi, domin nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da yawa a 2022 bai ga fifikon sau biyu a kan sau ɗaya ba. A fara da zarar an ga alamar tashi, kada a jira sai fata ta farfashe. Galibi kwana 7 zuwa 14 ake ɗauka, kuma ba a dainawa don an ga ɗan sauƙi, sai ƙaiƙayi ya tafi, fatar ta yi sumul idan aka shafa ta da hannu, sannan a ƙara kamar kwana biyu. A jikin mai duhun fata hannu ya fi ido faɗin gaskiya, domin tabon duhu ko na haske yana iya zama watanni bayan kumburin ya mutu, kuma tabo ba ya buƙatar sitiroyid. Sau da yawa iyaye kan ɗora wa magani laifin farin tabon da kumburin kansa ya bari.

Wannan ba yana nufin maganin ba shi da illa ba. Idan aka shafa mai ƙarfi kullum na watanni, musamman a fuska ko matsematsi, yana sa fata ta yi siriri, ya kawo nankarwa da ƙuraje da koɗewar launi, a kusa da ido kuma yana iya cutar da gani, sannan wasu kan sha zafi da ƙuna a fata idan suka daina shi farat ɗaya bayan dogon amfani. Amma wannan sakamakon amfani ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba kasafai ake ganinsa ga wanda ya yi kwana goma ya tsaya ba. A ganina abin tsoro na gaske shi ne kirim ɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, domin an sha gwada wasu da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya na ganye aka tarar da sitiroyid mai ƙarfi a ciki, haka ma mayukan sauya launin fata. Duk man da ba a san sinadarinsa ba amma ya kwantar da egzima cikin kwana biyu, a yi zarginsa.

Ga wanda cutar ke dawo masa a wuri ɗaya sau biyu ko uku a wata, akwai dabarar da bincike ya tabbatar: bayan fatar ta lafa, a ci gaba da shafa maganin a wuraren da ta saba fitowa kwana biyu a kowane mako, ko da ba a ga komai ba. Hakan yana rage yawan tashinta sosai, kuma likita ne zai tsara shi ya riƙa dubawa bayan 'yan watanni.

Idan cutar ta nace a fuska ko fatar ido, akwai magungunan shafawa da ba sitiroyid ba, wato tacrolimus da pimecrolimus, waɗanda ba sa sa fata ta yi siriri. Ana amfani da su ne galibi daga shekara 2 zuwa sama, kuma yara kan yi amfani da tacrolimus 0.03%, manya 0.1%. Sukan yi zafi ko ƙuna a kwanakin farko, abin da ke sa wasu su yar da su, alhali yakan wuce cikin mako guda.

Ƙaiƙayi, abubuwan da ke tayar da cutar, da batun abinci

Faɗa wa yaro ya daina susa bai taɓa hana susa ba. Abin da ke aiki shi ne a yanke farce, a ɗora tsumma mai sanyi a wurin, a koya masa dannawa ko bubbugawa maimakon karcewa, a sa masa tufafin auduga masu sakewa, a kuma hana ɗakin kwana yin zafi. Ƙwayoyin da ake sha na maganin alaji, wato ƙin da jiki ke yi wa wani abu, ba sa rage ƙaiƙayin egzima yadda ake zato. Masu sa barci daga cikinsu na iya taimakawa na 'yan kwanaki idan dare ya gagara, amma ba su ne maganin ba, ƙaiƙayi kumburi ne ke kawo shi, kuma kashe kumburin ne ke kawar da shi.

Abubuwan da ke tayar da cutar sun bambanta daga mutum zuwa mutum, amma waɗanda aka fi sani su ne sabulu, garin wanki, turare, ulu, gumi, busasshiyar iska, hayaƙi da damuwa. Mai egzimar hannu ya sa safar hannu ta roba mai shimfiɗar auduga idan zai yi wanki ko wanke-wanke. Idan cutar ta ƙi jin magani a wuri guda, kamar fuska ko hannu, likitan fata na iya yin gwajin manna sinadarai a baya don gano ko wani abu da ke taɓa fatar ne ke jawo ta, wani lokaci ma sinadarin yana cikin man da ake shafawa.

Batun abinci shi ne inda iyaye suka fi ɓata ƙarfi. Gaskiya ne yara masu egzima mai tsanani sun fi sauran yara kamuwa da alajin abinci kamar ƙwai, madara da gyaɗa, amma ba abincin ne asalin egzimar ba a mafi yawan lokuta. Hana yaro abinci iri-iri bisa zato yana iya tauye girmansa, yana kuma iya sa jikinsa ya ƙi abincin da da yake ci lafiya. Wani gwaji da aka yi a Landan kan jarirai 640 masu egzima mai tsanani ko alajin ƙwai, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa waɗanda aka fara ba su gyaɗa da wuri sun sami raguwar alajinta da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Jariri mai egzima mai tsanani sai an tuntuɓi likita kafin a fara, kuma ba a ba jariri gyaɗa ƙwaya-ƙwaya saboda shaƙewa. Idan kuwa yaro ya ci wani abu nan take leɓensa ya kumbura, ko borin jini ya fito masa, ko ya yi amai, ko numfashinsa ya sarƙe, wannan alaji ne na gaske da ke buƙatar likita, sarƙewar numfashi kuma ta gaggawa ce.

Lokacin da ba a jira

Fatar da ta farfashe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Idan wurin yana tsiyayar ruwa, ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ya fito da ƙuraje masu mugunya, to, bakteriya sun shiga. Idan abin kaɗan ne kuma mai cutar na cikin ƙoshin lafiya, sau da yawa ci gaba da mai da sitiroyid ya isa, domin gwaji ya nuna ƙara maganin kashe bakteriya a irin wannan hali ba ya hanzarta warkewa. Amma idan akwai zazzaɓi, ko wurin ya kumbura yana zafi yana faɗaɗa, sai an ga likita a ranar.

Wanda ya fi haɗari shi ne idan bairos ɗin da ke kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe ya shiga fata mai egzima. Alamarsa ita ce ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka taru wuri guda, masu girma iri ɗaya, waɗanda ke fashewa su bar ramuka kamar an huda da tsinke, suna ciwo fiye da ƙaiƙayi, suna yaɗuwa cikin sauri, sau da yawa tare da zazzaɓi da kasala. Wannan na buƙatar asibiti nan take da maganin aciclovir, musamman idan ya kusanci ido. Saboda haka mai ƙurajen leɓe kada ya sumbaci jariri mai egzima.

Idan na shafawa bai isa ba

Kafin a ce magani ya gaza, likita zai fara duba ko ana shafa adadin da ya isa, ko ƙarfinsa ya dace da wurin, ko kuma cutar ba egzima ba ce tun farko. Idan duk an cika waɗannan amma barci da karatu da aiki suna ci gaba da lalacewa, akwai matakai na gaba a hannun likitan fata. Ana iya naɗe jiki da jiƙaƙƙen bandeji a kan mai na 'yan kwanaki, ko a haska fata da wani nau'in haske na musamman a asibiti sau biyu ko uku a mako. Akwai magungunan sha masu rage ƙarfin garkuwar jiki kamar ciclosporin, wanda ke buƙatar a riƙa auna hawan jini da aikin ƙoda, da methotrexate, wanda sau ɗaya a mako ake shansa ba kullum ba, ba a kuma ba mai ciki ko mai neman ciki. A 2017 aka amince da allurar dupilumab a Amurka, wadda ke toshe saƙonni biyu na garkuwar jiki da ke hura kumburin. Manya kan yi ta kowane mako biyu, daga baya aka amince da ita har ga jarirai 'yan wata 6, kuma daga cikin illolinta da aka fi gani akwai jan ido da ƙaiƙayinsa. Bayanta an sami ƙwayoyin sha kamar upadacitinib da abrocitinib, masu saurin kwantar da ƙaiƙayi amma masu buƙatar gwajin jini da sa ido. Sitiroyid na sha ko na allura kuwa, ko da yake yana kwantar da cutar cikin kwanaki, takan dawo da ƙarfi fiye da da idan aka daina, kuma yawan maimaita shi na cutar da ƙashi da sukarin jini da girman yaro, shi ya sa ƙa'idojin likitanci ba sa goyon bayan dogaro da shi.

Ranar zuwa ganin likita a tafi da duk bututu da robobin da ake amfani da su, har da waɗanda aka saya ba da takardar likita ba, a kuma iya faɗin kwana nawa kowannensu ke yi kafin ya ƙare. A ɗauki hoton fatar a ranar da ta fi tashi, tunda sau da yawa takan lafa kafin ranar ganin likita ta zo, a kuma rubuta dare nawa ƙaiƙayi ya hana barci a makon da ya wuce. A nemi likita ya rubuta a takarda wane magani ne na fuska, wanne ne na jiki, ma'aunin yatsa nawa za a shafa a kowane wuri, da kwanakin da za a yi kafin a dawo.